Zaren Gwaggo

Gwaggo, ƙanwar mahaifin mijina, ba ta taɓa ƙarasa karin maganar nan ba. Takan ce "ido ba mudu ba" ta tsaya, wai ragowar, malalata ne suka ƙara ta. Tun kafin a kawo ni gidan take ɗinki a ƙaramin ɗakin da ke ƙarƙashin bene, kuma ko maɓalli za ta ɗinka sai ta fito da rigar cikin haske ta kara zare a jikin rigar. Ni da nake da gajen haƙuri, wannan ɗabi'a ta sha ƙular da ni.

Mijina yana da tankin gilashi na ruwan gishiri a falon sama. A ciki akwai kifaye da murjani mai rai, wata halittar teku mai rassa kamar ƙahon barewa, launin ƙasa-ƙasa. Gwaggo na kiran tankin gonar da ba a ci. Da ɓarin jikin mijina ya shanye aka kwantar da shi asibiti, magana ta yi masa nauyi, kalma ɗaya yake iya fitarwa a lokaci guda. Kullum na je sai ya ce, "Murjani?" Ni kuwa in ce lafiya lau.

Wata safiya na ga kan rassan ya yi fari fat. Na sha jin mijina yana cewa idan murjani ya yi fari mutuwa ce ke tafe. Likita kuma ya gargaɗe mu kada a kai masa labarin da zai tayar masa da hankali. Ban iya ƙarya ba, ga gaskiyar ba ta faɗuwa. Na zauna a gaban tankin ina kuka.

Gwaggo ta hawo da ƙyar, tana dafa bango.

"Amarya, wa ya mutu?" Har yau haka take kirana, ga 'ya'yana sun fi ni tsawo.

Na nuna mata. Ta gyara tabarau ta daɗe tana dubawa.

"Ni ban san wannan abu ba," in ji ta, "amma na san kaya. Zane idan zai koɗe, duk jikinsa yake koɗewa. Wannan bakinsa kaɗai ne fari. Ɗauko min gwangwanin zare."

Ta yi ta kara zare a jikin gilashin, ta ajiye wannan ta ɗauki wancan, har na ƙosa, kafin ta sami wanda ya yi daidai da launin gindin murjanin. Sai ta auna reshe mafi tsawo daga dutsen da ya tsiro a kai zuwa kansa, ta yanke zaren da haƙori, ta maƙale shi da fil a ɗankwalinta.

"Gwaggo, yau me zan ce masa?"

"Ki ce muna aunawa. Ƙarya ce?"

Haka na yi ta gaya masa har makonni. Kowace safiya sai ta hawo benen nan da gwiwarta mai ciwo, ta kara zaren, ta ce launi bai motsa ba, ta sauka ta koma kan kekenta. Ba ta taɓa ce min kada in damu ba, kuma da ta faɗa da ban yarda ba.

Ran nan ta sake awo da sabon zare, ta jera su a tafin hannuna. Sabon ya ɗara tsohon da kamar ƙwayar shinkafa. Wurin da ya yi fari a da ya soma ɗaukar launin ƙasa, farin ya matsa gaba.

"Abin da ke mutuwa ba ya ƙara tsawo," in ji ta. "Kai masa."

A asibiti na sa zaren biyu a hannunsa mai lafiya, na ba shi labarin duka, har da kukan. Ya murza su da yatsa, ya daidaita gindinsu, ya dubi bambancin. Bakinsa ya yi ta kokawa, ina jira.

"Farin kai... girma ne," ya ce. "Gode wa Gwaggo."

Tun da ya kwanta ban ji ya haɗa kalmomi haka ba. Na dawo gida na durƙusa a ƙofar ɗakinta ina godiya, hawaye na zuba. Ko ɗagowa ba ta yi daga keken ba.

"Alhamdu lillahi. Ki dawo min da zarena, amarya, ina da rigar da zan ƙarasa da shi."