Uwar Jarka da Ma'aunin 'Yan Sama Jannati

Haihuwa da Karatu

An haifi matar da daga baya aka fi sani da Uwar Jarka a shekarar 1951, a wani ƙaramin gari da ke bakin layin dogo. Mahaifinta mai gyaran rediyo ne, mahaifiyarta kuma ungozoma. Tun tana firamare ta shahara da irin tambayoyin da ke sa malami ya riƙa duban agogo, kuma ba ta bar halin ba har ta kammala digirin digirgir a fannin kimiyya a 1980.

Aure da Zuri'a

A 1982 ta auri wani malamin lissafi mai sanyin hali, wanda yakan ce gardama ɗaya ya taɓa ci a gidan, ita ma ranar matar ba ta nan. Allah Ya albarkace su da 'ya'ya huɗu.

Aiki

A 1989 ta kama aiki a wata cibiyar bincike. A sararin samaniya akwai wasu ƙwayoyi masu gudun tsiya da ke ratsa ƙarfe da tsoka, idan suka yi wa mutum yawa sai su jawo masa cutar daji. Cibiyar na ƙera ma'auni mai girman kwalin ashana wanda ɗan sama jannati zai maƙala a ƙirji don auna yawan ƙwayoyin da suka ratsa shi. Aikinta shi ne gwada ma'aunin a cikin kwamfuta kafin a harba shi.

Abokan aikinta sun saba gwada shi a fili, babu komai a bayansa. Ita kuwa ta ce ai ba a iska za a rataye shi ba. Tunda yawancin jikin ɗan Adam ruwa ne, sai ta zana jarka cike da ruwa a bayan ma'aunin. Aka yi ta dariya, sunan Uwar Jarka ya bi ta. Amma lissafinta ya nuna cewa ƙwayoyin na farfashewa a cikin jiki, suna yin ɓarnar da ba a ƙirga ba.

A 1996 wani matashin ɗan sama jannati yana can sama da ma'aunin, saura wata biyu ya gama wa'adinsa. Ta tsaya kai da fata cewa ya kusa ƙetare haddin da jiki ke iya ɗauka, har ta ce a sallame ta idan ta yi kuskure. Aka sauko da shi yana huci. Likitoci suka auna jininsa, aka buɗe ma'aunin, sakamakon ya zo daidai da nata. Washegari sai ga shi a ofishinta, yana sunkuyar da kai.

"Mama, na zo ki yi mini faɗa," in ji shi.

"Zauna tukun, ɗan nan. Ƙafafun naka ma ba su gama tuna ƙasa ba."

Daga ranar bai ƙara kiranta da wani suna ba sai Mama, ita ma ta riƙe shi kamar ɗan cikinta.

Rasuwa

Ta yi ritaya a 2016, ta koma renon jikoki da gyara musu aikin gida ko ba su nema ba. Ta rasu a 2023 tana da shekara saba'in da biyu, aka yi mata sutura a kusa da kabarin mijinta. Ta bar 'ya'ya huɗu: likita, da tela, da malamar makaranta, da auta direban jirgin ƙasa. Da ake rubuta wannan tarihi, ɗan sama jannatin ya zo da furfurarsa da jikokinsa uku, ya ce ba zai tashi ba sai an sa shi na biyar a jerin 'ya'yanta. 'Ya'yan suka ce a sa shi.