Tagar Rabe da ba kowa a ciki

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar ƙanena Rabe, Allah ya jiƙansa. Ni da ko firamare ban ƙare ba, wai yau ni ke ba masu karatun jarida labarin kwamfuta. Ku yi haƙuri da ni.

Da Rabe ya gama karatu sai ya maƙale a wani shago a Kankia, bakin titin Kano, shi da kwamfuta mai ƙaton ƙeya. Damina ta matso, Babanmu a Mawashi ya gaji. Ya ce mani, "Iro, tafi ka gano mi yaron nan ke yi. In ba aiki ba ne, ya dawo ya kama fartanya." Maganata ce za ta yanke hukuncin, kuma Rabe ya sani.

Na iske shi gaban baƙin allo cike da rubutu ƙanana kamar jerin tururuwa. Ya ce, "Yaya, zauna ka ga abin da na gina." Ya danna wani abu. Sai ga ɗan fili mai kusurwa huɗu, fari fat, ba komi ciki. Taga ke nan, in ji shi.

Na ce, "Shi ke nan? Ina mutanen gidan?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce na'urar nan ba ta san komi ba. Sai ka raɗa wa tagar suna, ka shaida wa na'ura irinta, ka faɗi faɗinta da tsawonta da inda za ta tsaya. Ko ta samu, ba ta fitowa sai ka ce fito. Daga nan ta zauna sauraro: an ja ta, an rufe ta da wata, an ce ta tafi. Kowane saƙo sai ka koya mata amsarsa, in ka manta ɗaya ta yi maka kunnen ƙashi.

Ya ba ni linzamin kwamfutar, ɗan abin da ake jan kibiyar allo da shi. Da hannun nan nawa mai kanta na ja gefen tagar, ta buɗe. Na ɗora wata a kanta na janye, ta sake zana kanta tsaf. Na sha ganin an gina ɗaki da laka, amma ban taɓa ganin an yi shi da magana zalla ba, kuma ɗan da na goya ne ya yi.

Yanzu jikokina na buɗe irin tagogin nan a waya suna cin gyaɗa, ko kallo ba su ishe su ba. Nakan ce da Rabe na nan, haushi zai ji ko daɗi? Ina jin daɗi. Shi burinsa abu ya yi sauƙi har a manta wani ya sha wahalarsa. Waɗanda ya koya wa aikin suna Katsina da Kano suna ci da iyalinsu, har yau suna zuwa gaishe ni.

Da na koma Mawashi ran nan, Baba ya ce, "Mi ka gano?"

Na ce, "Baba, ban gane ba. Amma ƙarfe na jin maganarsa."

Ya ce, "To, gonarsa kai za ka nome ta."

Na nome ta a daminar, na nome ta duk damunan da suka biyo baya, har Rabe ya koma ga Mahaliccinsa. Bayana na tuna mani kullum da asuba. Da za a sake aikena, abin da zan faɗa ke nan.