Layi Na Huɗu

Duk wanda ya yi karatu a jami'ar nan ya san Baba Mai Layi, ko da bai taɓa taka filin wasa ba. Shi ne dattijon da ke zana fararen layukan hanyar tsere. Kayan aikinsa igiya ce da turaku biyu, sai wani gwangwani da ya huhhuda gindinsa yana zubo da farar ƙasa. Da baya da baya yake tafiya idan yana zane, don kada ya taka abin da ya zana.

Ɗalibai sukan tsokane shi, "Baba, gaba fa ake zuwa!"

Ya ce, "Ku je, 'ya'yana, in kun isa ku gaishe min da mutanen can."

A filin nan 'yarsa ta fari ta girma. Tun tana 'yar mitsitsiya ita ke riƙe masa bakin igiya, da ya ce ta saki sai ta kwasa a guje ta kawo masa. Wata safiya Koci, mai horar da 'yan tsere, ya gan ta ya ce ai wannan barewa ce, sunan kuwa ya bi ta. Da gudun nan Barewa ta shiga jami'a. Ba ta biyan kuɗin makaranta, ba ta biyan na ɗakin kwana, muddin tana tsere da rigar jami'a. Albashin mai zana layi ba zai kai ta ko ƙofar aji ba, duk gidan sun san haka. Ilimin haɗa magunguna take karantawa, saura mata shekara guda.

A layi na huɗu take gudu, Baba kuma yakan ƙara masa farar ƙasa har ya fi sauran haske. Mama, matar Baba, takan ce masa, "Son kai ƙiri-ƙiri, wai kai ne ma'aikaci mai gaskiya."

Ya ce, "Gwangwanin ne ke yoyo a wajen."

Bara hukumar jami'a ta zauna tana tambayar abin da kowane wasa ke kawowa. Ƙwallon ƙafa na cika fili, ana sayen tikiti, ana manna tallace-tallace. Tsere kuwa 'yan kallonsa iyayen masu gudu ne da mai sayar da ruwa. Aka ce wani kamfanin lemo zai turo wakilai gasa mai zuwa. In sun ɗauki nauyin tsere, ya tsira. In ba su ɗauka ba, za a rufe sashen, tallafin karatun ma ya tafi.

A lokacin gwiwar Barewa a kumbure take. Baba ya fi kowa sani, don shi ke gasa mata da ruwan zafi kullum da safe. Likita ya ce ta huta wata guda. Ana gobe gasa Koci ya zo gida, ya zauna a bakin tabarma yana murza hularsa.

"Baba, ba zan ɓoye maka ba. In ba ta fita ba, ba ni da abin da zan nuna musu."

Mama ta ce, "To ka nuna musu tumbinka mana, ai shi ma a filin ka tara shi."

Babu wanda ya yi dariya. Barewa ta dubi ubanta. "Baba, zagaye ɗaya ne fa. In ka ce kada in yi, ba zan yi ba."

Ya dubi gwiwar, ya dubi littattafanta da ke jere a kan taga. Ya tashi ya ɗauki gwangwaninsa. Da ta iso fili da safe, layi na huɗu yana ta ƙyalli, ta kuwa gane amsar.

Ta yi gaba tun daga tashi. A kwana ta ƙarshe ƙafar ta lanƙwashe, ta kife, farar ƙasa ta shafe mata rabin fuska. Baba ya ruga, karo na farko da aka ga ya tattake layinsa. Wakilan kamfanin ba su ma gani ba, suna can ana zagayawa da su filin ƙwallo. Ƙwallon suka ɗauka.

An yi mata aiki a gwiwa, an rufe sashen, ta kwaso kayanta daga ɗakin kwana. Abokan karatunta sun gama bana. Hanyar tseren kuwa an mayar da ita wurin ajiye motocin 'yan kallon ƙwallo, aka ce Baba ya zana wa kowace mota gurbinta.

Ranar da zai fara, Barewa ta biyo shi tana dogara sanda. Ya ce, "Uwata, koma gida, rana za ta yi zafi."

"Wa zai riƙe maka igiyar?"

Ya miƙa mata bakin. Ya ja da baya yana zane, kansa a sunkuye, har ya kai ƙarshe. Da ya ɗago, bakinsa ya riga shi, ya ce, "Saki!"

Ta saki. Igiyar ta kwanta a ƙasa a tsakaninsu. Suka tsaya suna kallonta, sannan ya ajiye gwangwanin, ya tako a hankali ya naɗe ta da kansa.