Ciwon da Ya Raba Anti Tela da Kekenta

Shekara goma sha tara Anti Tela ta yi tana taka keken ɗinki a wani ɗan shago a ƙarƙashin bene, tsakanin mai gyaran takalma da mai sayar da katin waya. Mace ce mai baki. In mace ta rantse ƙugunta bai ƙaru ba, sai ta ce, "To, tef ɗina ne ya rame."

Mijinta makaniki ne, shiru-shiru. Tun farkon aurensu wasu 'yan tsiro marasa zafi suka fito mata a gaba. Ya ce sanyi ne, ya kawo mata man shafawa daga kemis. Ashe shi ma yana da su, a ɓoye yake zuwa a ƙone masa. Nata suka baje, ta manta.

Sai da ta haura arba'in jini ya fara zuwar mata ba lokacinsa ba. Wata takwas tana ninka tsumma a kan kujerar keke, tana cewa gajiya ce. Ranar da ya ɓata farin yadin wata mata, ta rufe shago ta nufi asibiti.

"Anti, an taɓa duba miki bakin mahaifa?" in ji nas.

"A duba me? 'Ya'ya huɗu na haifa lafiya."

Nas ta ja kujera ta zauna. Ta ce ƙwayar cuta ce da ake ɗauka wajen saduwa, kuma mutane da yawa na ɗauke da ita ba su sani ba. Wani irinta kan fito da tsiro, wani ya yi lamo shekaru, sannan ya zama ciwon daji. Da an duba da wuri, da tuni an kashe abin tun bai yi jijiya ba.

Gwaji ya nuna ciwon dajin ne. Da ta kai wa mijin sakamakon, ko hannunsa mai baƙin mai bai goge ba ya ce, "Wato ni kike nufi?"

"Ban ce ba. Amma kai ka san abin da ka ɓoye min."

Washegari yayarsa ta zo dubiya, ta tsaya a bakin ƙofa. "Mace tana bakin titi tana auna kafaɗun maza, ai dole." Mijin yana zaune, bai kare ta ba. Wannan ya fi ciwon cin ranta.

Aka cire mahaifar, aka yi makonni ana gasa wurin ciwon da na'ura. Ta rayu, amma ƙafarta ta dama ta kumbura kamar turmi, ba ta ƙara taka keke ba. Shagon ya koma hannun mai aski.

Da aka zo yi wa 'yan mata allurar rigakafin cutar, mijin ya hana a yi wa 'yarsu Auta, wai tana hana haihuwa. Anti Tela ta ja ƙafarta, ta riƙe hannun yarinyar har gaban nas. Da suka dawo ya ce ta raina shi, ta tattara kayanta ta bar masa gida.

Yanzu tana ɗakin baya a gidan yayanta, tana sa maɓalli da kalmasa da hannu. Tsofaffin masu kawo mata ɗinki kan leƙo. Ba ta tambayar su maigida ko yara, sai dai, "An duba ki?" Yawancinsu dariya suke yi, su ce Anti har yanzu ba ta daina barkwanci ba.