Malama Zubaida da Haƙoran Saniya

Kullum da bakwai saura kwata Malama Zubaida Ashiru takan sauka daga keke a ƙofar firamarenmu da ke Ƙofar Ran. Kafin ta ajiye jaka sai ta ɗauki alli ta tsaga allo gida biyu. A dama ta rubuta "Na gani", a hagu "An ce mini". Shekara talatin da biyar ke nan tana haka, wata mai kamawa kuma za ta yi ritaya.

Duk maganar da ta shigo ajinta sai an nema mata gida. Ba ta raina "an ce" ba. Takan ce yawancin abin da mutum ya sani, har sunan kakansa, ji ya yi daga bakin wanda ya amince wa. Abin da ba ta lamunta shi ne ka ji, ka ce ka gani. A wurinta wannan ƙarya ce, ko da maganar ta faɗa daidai. Mun ji jiki a hannunta, don ko ƙarar wani ka kai sai ta tambaye ka a wane gida za a sa ta.

Muna aji biyar aka sa ta cikin waɗanda za a ba shugabancin makaranta, aka turo mai duba malamai ya ga koyarwarta. Ranar darasin haƙora ne. Ta zana kan saniya yadda yake a littafinmu, da haƙoran gaba sama da ƙasa, ta sa shi a gidan "Na gani". Sai Fatu 'yar Hammajoda, wadda mahaifinta ke kiwo a bayan gari, ta ɗaga hannu ta ce shanunsu dai ba su da haƙoran gaba a sama.

Tsawa ɗaya ta isa ta zaunar da yarinyar, baƙo ma ba zai ga laifi ba. Malama ta dubi allo ta ce, "Tun ina ƙarama nake ganin shanu, amma ban taɓa buɗe bakin ko ɗaya ba. Ban sani ba." Ta goge zanen, ta mai da shi hagu.

Baƙon ya rubuta cewa malamar ba ta riƙe darasinta ba, aka ba wani kujerar. Ranar Asabar ta hau keke har rugar Hammajoda, ya kama mata saniya ta leƙa. Litinin ta ce Fatu ce da gaskiya, ta miƙa mata allin. Shugabancin bai sake zuwa ba, kuma na san ya yi mata ciwo, don ta daɗe ba ta son a ta da zancen.

Malama, ke ce kika nuna mana cewa babba yana iya cewa "ban sani ba" a gaban yara arba'in bai mutu ba. Yau a asibiti nake aikin gwajin jini, ban kuma taɓa sa hannu a kan abin da idona bai gani ba. Na gode, Allah Ya saka da alheri, Ya sa hutu mai amfani.

Malamai masu tasowa, ku yi koyi da ita. An ce mini irinta suna da yawa, ina fata haka ne. Ita dai, a gidan dama na rubuta ta.