Ƙafar Baba Tela Ta Ƙi Sauka

Shekara arba'in da ɗaya Baba Tela ya yi a shago ɗaya, a kan kujera ɗaya, har katakonta ya lotsa daidai mazauninsa. Shagon ba wani girma gare shi ba, in mutum uku suka shiga sai ɗaya ya fita kafin a rufe ƙofa. Baƙin keken ɗinki irin na takawa yana bakin ƙofa saboda haske, teburin yanka a baya, igiya daga bango zuwa bango an rataye kayan mutane, sai buhunan ƙyallaye biyu a lungu waɗanda kullum gobe zai zubar. Tun gemunsa bai gama fitowa ba ya zauna a wurin. Da keken nan ya yi aure, da shi ya ciyar da 'ya'ya biyar har kowa ya kama gabansa. Da aka kawo keken lantarki sauran teloli suka yi rububinsa, shi kuwa ya ce abin da ba ya jin ƙafarsa ba zai ji maganarsa ba.

Ɗinki kam ya iya, ko mai jin haushinsa ba ya musun wannan. Aibinsa ɗaya ne, bakinsa bai taɓa furta "na yi kuskure" ba. In wando ya ɗage, mai wandon ne ya ƙara tsawo. In riga ta matse, matar mai rigar ce ta cika hannu a girki. Namiji dai, kun san hali.

Matarsa, wadda duk layin ke kira Inna, ita kaɗai ce ba ya iya yi wa wannan wayon. Shi Tsohuwa yake ce mata tun ba ta kai talatin ba. Ita kuma Malam take ce masa, in ranta ya ɓaci ta ƙara da Tela. Da girma ya kama ta sai gwiwoyi suka ce ba su san zance ba. Likita ya rubuta mata gashin ƙashi a asibiti, Litinin da Alhamis. Wata Litinin Baba Tela ya raka ta bakin titi, ya tsaya yana kallo. Motar haya ta zo, Inna ta dafa ƙofa da hannu biyu, ta ɗaga ƙafa ta kasa, ta sake ɗagawa, direba yana ta danna hon, na cikin mota suna tsaki. Bayan mako biyu sai ga shi ya turo jan babur na hannu har tsakar gida, yana haki, yana murmushi kamar ango.

Babbar 'yarsu nas ce a asibitin, har a gida Nas ake ce mata. Da labari ya kai mata, ko kayan aiki ba ta cire ba ta taho.

"Baba, shekararka sittin da uku fa."

"Da biyu."

"To da biyu. Don Allah ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ka hau shi kai kaɗai wata guda. Ran da wata ya cika zan zo in duba shi da idona. In na ga ko ƙwarzane ɗaya, makulli ya bi ni gida, Inna ta ci gaba da motar haya. Gwiwar nan in babur ya danne ta, an wuce maganar gashi, sai tiyata."

Baba Tela ya ce ya ji. A ransa kuwa cewa yake, yarinyar da ya ɗinka wa rigar makaranta ce yau take gindaya masa sharaɗi.

Mai Faci, maƙwabcin shagonsa na shekara talatin kuma abokin tsokanarsa, shi ya koya masa a wani fili. Kwana huɗu ya kama. Giya, kuloci, totur, duk ya haddace, kuma in yana tafiya sai ka rantse layin ɗinki yake bi, ba ya karkata ko nan da can. Abin da ba wanda ya lura da shi, duk lokacin da zai tsaya a filin nan Mai Faci yana gefe ya riƙe masa bayan babur.

Ranar farko da ya zo shago shi kaɗai, ya taho a hankali, hula a karkace, ya matse birkin hannu daidai ƙofar shago. Babur ya tsaya cak. Baba Tela ya zauna a kai, baya a miƙe, ƙafafu biyu a kan mataki, yana kallon gabansa kamar mai jiran a ɗauke shi hoto. Babur ya ɗan yi shawara, ya karkata hagu, ya tafi a hankali, a hankali, har ƙasa. Ko hular ba ta faɗi ba.

Mai Faci ya ajiye tayar da ke hannunsa, ya zo ya tsaya a kansa.

"Tela, barci ne ya kama ka?"

"Ɗaga min abin nan ka bar surutu."

"Ba zan ɗaga ba sai ka ce ka faɗi."

"Ban faɗi ba. Kwanciya ya yi."

"To Allah ya tashe shi lafiya."

Ba kullum abin yake faruwa ba. In hankalinsa yana kan babur, sai ya sauke ƙafa lafiya lau. Amma da wani ya gaishe shi, ko ya tuna hannun rigar da bai haɗa ba, shi ke nan. Ya kwanta a danja tsakanin motoci, wata mai sayar da lemo ta taimaka ta ɗaga shi tana yi masa sannu tana ƙunshe dariya. Ya kwanta a gidan mai. Ya sake kwantawa a ƙofar shago. Ya ce ƙasar wurin ce ba daidai ba. Ya ce iska ce ta yi yawa a taya, Mai Faci ya rage. Ya ce ta yi kaɗan, Mai Faci ya ƙara. Shi dai jikinsa ko ƙujewa babu, amma tankin babur ta hagu ya lotsa, jan fentin ya zama kamar kaji sun yi tono a kai.

Saura kwana biyar wata ya cika, Baba Tela ya tsaya yana kallon tankin nan, sai ya tuna shi tela ne. Ya ɗauko tef ya gwada babur kamar mutum, wuya, ƙirji, ƙugu. Ya zaɓo shuɗin yadi mai kauri, ya yi wa tanki riga har da aljihu biyu da zif, ya bi bakinta da jan zare. Ta zauna ɗas.

Da ya koma gida Inna ta zagaya babur sau ɗaya, tana dogara sandarta.

"Malam, yadina shekara uku yana rataye a igiyar shagonka. Ashe sai mai taya ake yi wa ɗinki a yini ɗaya."

"Rana ce take cin fenti, Tsohuwa."

"Uhm," in ji Inna. Wanda ya san ta ya san wannan uhm ɗin ya fi zagi.

Ranar Asabar da safe ya kai babur aka wanke shi tas, ya mayar masa da rigarsa. Nas ta riga ta zo, suna zaune da Inna a kan benci a tsakar gida, bokitin wanki a gefe. Tun daga bakin layi yake gaya wa kansa, ƙafa, ƙafa, ƙafa. Ya shigo a hankali, ya nufi gabansu. Nas ta miƙe ta rusuna.

"Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau, 'yar albarka, ya mai gidan naki, ya yara?"

Ya matse birki. Babur ya tsaya cak. Sauran kun sani. Wannan karon da bokitin wanki suka tafi, ruwan sabulu ya wanke masa fuska, rigar tanki ta yaye, lotsawar nan ta fito fili kowa ya gani.

Nas ta yi kansa a guje, ta janye babur, ta lalube shi daga kafaɗa har idon sawu. Da ta tabbatar ba abin da ya same shi, ta zare makulli ta jefa a jaka. Inna kuwa dariya take har da riƙe ciki. Jira take ta ji wa za a ɗora wa laifi, bokiti ko bencin. Ba ta ji komai ba. Baba Tela yana zaune a cikin ruwan sabulu, ya zuba wa gwiwoyinta ido, bakinsa a rufe. Tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin ya rasa abin faɗa ba. Sai dariyar ta tsaya mata.

"Malam, sake yi min abin da ka yi da hannun nan."

"Wane abu?"

"Da za ka tsaya. Yi in gani."

Ya ɗaga hannun dama ya damƙe iska. Inna ta dubi ƙafafunsa. Suna haɗe wuri ɗaya, yatsu sun ɗan ɗaga sama, ko motsi ba su yi ba.

"Na rantse na san wannan zaman," in ji ta. "Ke Nas, shekara nawa ina kai wa mutumin nan abinci shago? In ya kai ƙarshen ɗinki me yake yi? Hannu yake kai wa wilin keken ya tsayar da shi, ƙafa tana nan a kan feda tana jiran layi na gaba. Shekara arba'in, a wurinsa tsayawa aikin hannu ne, ƙafa ba ruwanta. Ubanki ba tuƙi ne bai iya ba. Ya ɗauka keken ɗinki ya hau."

Baba Tela ya buɗe baki zai yi musu, ya dubi hannunsa, ya dubi ƙafarsa, ya rufe.

"Ba ni makullin," in ji Inna.

"Inna, mun yi magana fa."

"Da shi kika yi. Gwiwar tawa ce. Ke kina da motar mijinki, ba ki san yadda matakin motar haya yake ba. Ki ba ni mako ɗaya. In ya sake kwantawa, ni da kaina zan kawo miki makullin har ofis."

Nas ta dubi su biyun, sannan ta zuge jaka ta miƙa mata makullin.

Washegari aka fara makaranta. Inna ta sa aka ɗauko buhun ƙyallaye ɗaya daga shago aka ɗaure a bayan babur a matsayinta. Ta ɗaga shi ta ce bai kai ta nauyi ba, a ƙara bulo. Ta sa kujera a ƙofar gida. Baba Tela ya je ƙarshen layi ya dawo, da ya kai hannu birki sai ta daka masa tsawa, "Ƙafa!" Ƙafafu su dire ƙasa. Ya sake zagayowa. Da ya fara sabawa sai ta koma yi masa tarko. Yana isowa ta tambaye shi ina ya ajiye almakashinta, ko ta ce ga wani yana gaishe shi. In ya juya, "Ƙafa, Malam Tela!" Kafin kwana uku duk layin ya ɗauka. Matan da ke shanya, mai shagon kwana, Mai Faci daga can bakin titi, kowa ya hango jan babur sai ya ce ƙafa. Har wani baƙo ya tambaya ko sunan tsohon ke nan.

Abin ya shiga jikinsa har ya wuce gona da iri. Mai Faci ya rantse ya ga ya kai ƙarshen ɗinkin wando, ya kama wili, ya watsa ƙafafu biyu ƙasa tim, har kwalin allurai ya zube.

Ranar Litinin, bayan mako ya cika, aka kwance buhu. Inna ta hau a hankali, ta gyara zama, ta sa sandarta a cinya, ta damƙe rigarsa ta baya. Danja uku ne tsakaninsu da asibiti. A ta farko ta ce ƙafa. A ta biyu ta ce ƙafa. A ta uku ya riga ta. Da suka shiga ƙofar asibiti, mai gadi ya ɗaga hannu yana gaishe su, Baba Tela ya amsa har da tambayar iyali. Inna ta ji bakinta yana ƙaiƙayi, ta danne. Ta rufe ido, ta ƙara damƙe rigar.

Babur ya tsaya. Ta ji takalma biyu sun taɓa siminti.

Ta buɗe ido, ta sauko da ƙafarta mai ciwo, ta gyara mayafi. "Tafiyar nan da ka yi, Malam, da na bi ka da sanda da na riga ka isowa."

Nas tana tsaye a baranda tun ɗazu, hannu a bayanta. Ta sauko, ta duba uwarta sama da ƙasa, ta duba babur, ba ta nemi makulli ba. Sai ta fito da abin da ta ɓoye, hular kwano biyu sababbi, ta miƙa wa kowa ɗaya.

Inna ta juya tata, ta leƙa ciki, ta ƙwanƙwasa ta da yatsa.

"To, ɗaurin ɗankwalin nawa fa, a ina zai zauna?"

"A cikin jaka, Inna. Mu je, layinki ya kusa."

Baba Tela ya kafe babur a inuwa, ya girgiza shi sau biyu ya tabbatar ya tsaya da kyau, sannan ya rungumi hulunan biyu ya bi bayansu.