Ranar da Babandi Ya Kayar da Alhaji Manniru

Na san Manniru tun kafin ya zama Alhaji. Tare muka yi dako a kasuwar Bodija. Motar albasa ta iso daga Arewa, mu sauke ta kaf kafin azahar, mu dawo unguwarmu Sabo a ƙafa. Da la'asar kuma mu tafi filin makarantar firamare mu buga ƙwallo ba takalmi. A lokacin Manniru siriri ne kamar karan dawa, kuma idan yana tsaron baya babu mai wuce shi. Zai zauna wurin Iya mai abinci a bakin layinmu ya share amala kwano biyu, ka rasa inda ta shiga.

Daga baya Allah ya buɗa masa, ya zama dillalin albasa. Ya samu rumfa da benci, wasu ke sauke masa kaya. Ya daina ɗaukar buhu, amma bai rage kwano ba. Tumbi ya fito, wuya ya ɓace. Shekarar da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da wansa, likita ya auna Manniru ya ce jininsa ya hau sosai, in bai rage jiki ba hanyar wansa zai bi.

Tsoro ne ya kai shi ƙungiyar ƙwallon magidanta da aka kafa a Sabo domin masu son rage ƙiba. Kowace Lahadi da safe ake haɗuwa a tsohon filinmu. Shi ya saya wa ƙungiyar riguna. Sai dai rabin masu buga wasan a ƙarƙashinsa suke cin abinci, kuma wa zai sa wa maigidansa ƙafa? Ƙwallo na zuwa wurinsa sai a dare masa hanya. Mai tsaron gida ya faɗi inda ba ta bi ba, a hau tafi: "Ranka ya daɗe, wannan bugu sai kai!" Har a tashi wasa rigarsa a bushe take. Damina ta zo ta wuce, sikelin asibiti bai motsa ba.

Akwai wani tsohon abokin dakonmu, Babandi, wanda har yau baro yake turawa a kasuwar Shasha. Shi ba ya cin komai a hannun Manniru. Wata Lahadi ya zo kallo, ya tsaya a gefe yana tsaki. Can sai ya tuɓe silifas ya shiga fili da wandon aikinsa. Manniru na tafe da ƙwallo a hankali kamar mai raka amarya, Babandi ya sa masa kafaɗa. Manniru ya zube ƙasa tim.

Zubair, mai yi wa Manniru awon kaya a rumfa, ya taso da gudu. "Baba Babandi, lafiya kuwa? Alhaji ne fa!"

Babandi ya ce, "Alhaji yana kasuwa. Wannan Manniru ne. Tashi, buhun albasa, ko sai na kawo baro?"

Manniru na zaune yana haki ya ce, "Ni ne buhu? Kai da iska ke neman ɗauka, ƙwarangwal!"

Babandi ya ja ƙwallo ya ce, "To zo ka karɓa in ka isa."

Manniru ya miƙe ya bi shi. Bai kama shi ba ranar, ko kusa. Amma ya zagaye filin nan har gumi na ɗiga daga gemunsa. Da ya zauna shan ruwa, sai ya dubi mutanensa ya ce, "Ashe kashe ni kuke yi da ladabi. Duk wanda ya sake buɗe mini hanya a filin nan, kada in gan shi a rumfata ranar Litinin."

Ba zan ce ya koma Manniru na da ba. Gwiwa ta tsufa, filin ma an yanke gefensa an gina shaguna. Amma tela ya rage masa kaftani, likita kuma ya rage masa magani. Lahadin da ta wuce na haɗu da shi a ƙofar masallaci yana ɗingishi, ƙwaurinsa a kumbure. Na ce wa ya yi masa wannan aiki.

"Zubair ne," in ji shi, yana washe baki. "Yaron nan ba shi da imani ko kaɗan."